Yadda Ake Bibiyar Alamomin Jini Don Gano Raunin Ƙoda Da Wuri Ga Majinyacin Da Ke Inaya

Tun bayan Hajjin 2024, wanda zafi ya kai maki 51.8 a Makka har hukumomi suka sanar da rasuwar mutum 1,301, tambaya ɗaya ce ta fi yawa a wayata. Ni nas ce a sashen kulawa ta musamman, wanda mutanenmu na nan ke kira inaya, a wani asibiti a Makka. Daga Sharamansur, daga Hindawiyya, wani lokaci daga Karantina ta Jidda, sai a turo mini hoton takardar tahalil, wato sakamakon gwaji, ta WhatsApp tare da saƙon murya: "Anti, jiya aka ce ƙodar Baba lafiya lau take, yau kuma ana maganar wankin ƙoda. Ya aka yi haka?" Ƙannena sababbin ma'aikatan jinya da suka zo daga Najeriya da Nijar da Sudan su ma suna yin tambayar ta wata fuska: wane gwaji za mu duba, kuma a wane lokaci?

Matsalar ba ƙarama ba ce. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya haɗa sassan inaya 97 a ƙasashe 33, ya samu cewa 57 cikin kowane majinyata 100 sun gamu da raunin ƙoda na farat ɗaya. Ga yadda muke bin abin daki-daki. Hukunci na likita ne, amma mu da ke tsaye a bakin gado, nas da mai jinya, mu muke fara gani.

1. A ware mai haɗari tun daga ƙofa

Ba kowa ake yi wa gwajin tsada ba. A awar farko ana duba abu biyu: me ya faɗa wa jikin, kuma wane irin jiki ya faɗa wa.

Abubuwan da ke dukan ƙoda: cutar da ta shiga jini, faɗuwar bugun jini, bugun zafin rana, gudawa da amai masu ƙarar da ruwan jiki, zubar jini bayan haihuwa, babbar tiyata musamman ta zuciya, ƙuna, hatsarin mota, da ruwan da ake ɗurawa a jijiya kafin hoton CT. Jikin da ba ya jure duka kuwa shi ne na tsoho, mai ciwon suga, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko hanta, da wanda dama ƙodarsa ta fara gajiya. Alhaji ɗan shekara 70 mai suga da ya faɗi a hanyar jifa ya haɗa duka biyun, shi ne farkon wanda za a sa wa ido.

*Gargaɗi ga masu jinya:* ku kawo duk abin da majinyaci ke sha, cikin ledarsa, har da jiƙe-jiƙe da garin maganin da aka taho da shi daga gida. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffinmu ke haɗiya saboda ciwon gwiwa kafin ɗawafi, suna rage jinin da ke shiga ƙoda daidai lokacin da take buƙatarsa. 'Yan'uwanmu na Sudan kuma sun san baƙin sinadarin nan da ake gaurayawa da lalle: idan an sha shi, yakan kumbura maƙogwaro, ya narkar da tsoka, ya toshe ƙoda. Kunya ba ta da wuri a nan, a faɗa wa likita.

2. A nemo tsohuwar lamba

Kiriyatinin datti ne da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta tace shi. Lambarsa ta yau ba ta da ma'ana sosai sai an san ta da. Don haka mataki na biyu bincike ne: ko an taɓa yi masa gwajin ƙoda cikin shekarar nan? Mazauna nan su duba manhajar Sehhaty ko tsofaffin takardun asibiti. Maniyyaci kuma a kira gida, a ɗauko hoton katinsa.

*Gargaɗi:* ma'auni iri biyu ne. Wasu dakunan gwaji na rubuta mg/dL, wasu µmol/L. A ninka ta farko da 88.4 a samu ta biyu, wato 1.0 daidai take da 88. Na ga yaron da ya fashe da kuka a bakin ƙofar inaya don takardar gida ta ce 1.1, ta nan ta ce 97. Lamba ɗaya ce.

Idan babu tsohuwar lamba sam, ana riƙe ta ranar shigowa a matsayin mafari, tare da sanin cewa wataƙila ta riga ta hau kafin ya iso.

3. Kayan aiki da ɗibar jinin farko

Abin da ake tanada: kwalba mai murfin ruwan ɗorawa don kiriyatinin, yuriya, gishirin jini da sistatin C (gwajin ƙarfin tacewar ƙoda), kwalba mai murfin shunayya don ƙidayar jini da NGAL (gwajin da ke nuna raunin ƙoda da wuri), sirinjin iskar jini don laktet da tsamin jini, robar fitsari, wadda a nan ake ce wa gistara, da jakar da ke da ɗan akwatin awo a samanta, sai ma'aunin nauyi, na gado ko na tsaye.

Gwajin farko ya ƙunshi kiriyatinin, yuriya, fotasiyam, sodiyam, baikabonet, laktet da ƙidayar jini. Idan zafin rana ne ya kayar da shi, ko ya daɗe kwance a ƙasa, ko farfaɗiya ta yi ta jijjiga shi, a ƙara CK, wanda ke nuna narkewar tsoka. CK da ya haura 1,000 alamar narkewa ce, idan ya wuce 5,000 ƙoda na cikin haɗari ƙwarai. Irin wannan majinyaci fitsarinsa kan fito kamar baƙin shayi.

*Gargaɗi, kuma a nan sababbi suka fi yin kuskure:* a cika kwalbar ɗorawa kafin ta shunayya. Sinadarin da ke cikin ta shunayya yana ɗauke da fotasiyam, ɗigo kaɗan ya isa ya sa sakamako ya fito da fotasiyam a sama, kalsiyam a ƙasa, a tayar da hankalin kowa a banza. Kada a ɗebi jini a hannun da ake ƙarin ruwa, zai fito a tsarme. Idan daga babbar robar wuya za a ɗiba, a zubar da na farko. Kada a girgiza kwalba da ƙarfi ko a tura jini ta siririyar allura, ƙwayoyin jini kan fashe su zubo da nasu fotasiyam. A rubuta awar da aka ɗiba a jikin kwalba, don duk lissafin da ke gaba da awa ake yinsa.

4. A auna fitsari awa-awa

Na san jini muke magana, amma wanda ya tsallake wannan mataki ya ɓata kuɗin sauran. Fitsari ne ke fara magana, kuma ba ya cin ko riyal ɗaya.

Ƙa'idar 2012 ta KDIGO, ƙungiyar masana ƙoda ta duniya, wadda ake aiki da ita ko'ina, ta ce idan fitsari ya gaza rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace awa, har awa 6 a jere, rauni ya samu. Mai kilo 60 ke nan ya kamata ya ba da aƙalla mililita 30 a awa, 180 a awa shida. Ku ɗauki ƙaramar robar ruwa ta 330 da ake rabawa a sabil: ɗan abin da ya ɗara rabinta ke nan. Idan daga azahar zuwa magariba bai tara haka ba, a kira likita, ko da takardar jini ta ce komai lafiya.

Yadda ake yi: daidai kan kowace awa a karanta akwatin awo, ido daidai da layi, a rubuta, sannan a juye cikin jaka. Kada a bari a tara na awa takwas a raba da takwas. Mutum na iya yin fitsari sosai a awa biyun farko, ya tsaya cak a shida na baya, rabon ya fito kamar ba komai.

*Gargaɗi:* kafin a ce ƙoda ce, a duba roba. Ta kan lanƙwashe a ƙarƙashin cinya, ko guda-gudan jini su toshe ta. A taɓa mara, in ta cika tam matsalar ta hanya ce. Tsoho mai kumburin mafitsara yakan zo da haka, kuma hoton na'urar duban ciki yana warware zancen cikin minti kaɗan. Haka nan lasix kan sa fitsari ya yi yawa alhali ƙoda na wahala, don haka a rubuta lokacin da aka ba shi kusa da lambar.

Masu jinya, ga naku: duk ruwan da ya shiga jikin majinyaci muna lissafa shi. Idan kuna so ya sha Zamzam ko rubutu, ku gaya wa nas. Sau da yawa za mu auna mu ba shi, ko mu jiƙa masa leɓe idan ba ya iya haɗiya. Abin da ke ɓata aiki shi ne a ba shi a ɓoye.

5. A karanta kiriyatinin da tsaninsa

Ana maimaita shi kullum da asuba, ga mai haɗari sosai sau biyu a rana. Rauni ya tabbata idan ya ƙaru da 26.5 µmol/L, wato 0.3 mg/dL, cikin awa 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na tsohuwar lamba cikin kwana 7. Mataki na 1 shi ne ninki 1.5 zuwa 1.9. Mataki na 2, ninki 2 zuwa 2.9, ko ƙarancin fitsari na awa 12. Mataki na 3, ninki 3, ko lamba ta kai 354, ko fitsari ya ɗauke ɗungurungum awa 12, ko an fara wankin ƙoda.

Aibin kiriyatinin shi ne ihu bayan hari. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya motsa, kuma ƙoda na iya rasa kusan rabin ƙarfinta shi yana zaune cikin layin lafiya. Amsar tambayar nan ta "jiya lafiya, yau wanki" ke nan: jiyan ma ba lafiya take ba, lambar ce ba ta iso ba.

Zan ba ku labarin da har yau yake ci mini rai. A shekarata ta biyu a inaya aka kawo wata Hajiya siririya, kilo 45, da ciwon huhu bayan saukowa daga Mina. Kiriyatinin ɗinta 45 ne ranar shigowa. Washegari 75. Na duba takarda, ban ga ja ba, domin 75 na cikin iyakar da dakin gwaji ya rubuta wa mata. 'Yarta ta tare ni a ƙofa ta ce, "Yaya, ya jikin Inna? Na ga kamar jakar fitsarin ba ta cika kamar jiya." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, gwaji ya yi kyau. Ban yi lissafi ba. Daga 45 zuwa 75 ƙarin 30 ne, ninki ɗaya da rabi har da ɗoriya, mataki na 1 cikakke. Rana ta uku lamba ta kai 160, sai a lokacin muka gano diclofenac a jakar hannunta, tana sha tun daga Arfa. Allah Ya tashi kafaɗunta bayan wanki na 'yan kwanaki. Yarinyar nan ta ga abin da ban gani ba, kuma tun ranar nake jera lambobin kwana uku a layi ɗaya kafin in buɗe baki.

*Gargaɗi:* ƙaramar lamba na yaudara ga tsoho, siriri, wanda aka yanke wa ƙafa, mai ciwon hanta, mai ciki, da wanda ya yi makonni kwance tsoka ta zube. Wanda aka ɗura wa lita biyar na ruwa shi ma lambarsa ta tsarmu. A ɗaya ɓangaren kuma, trimethoprim da cimetidine kan ɗaga lambar ba tare da ƙoda ta samu rauni ba. Yuriya kuwa ba a dogara da ita ita kaɗai: zubar jini a hanji, ƙishirwa da magungunan sitiroyid duk suna ɗaga ta.

6. Sistatin C, idan tsoka ba abin dogaro ba ce

Wannan furotin ne ƙarami da kusan duk ƙwayoyin jiki ke fitarwa daidai-wa-daida, ba ruwansa da yawan tsoka. Ga babba mai lafiya yakan tsaya tsakanin 0.6 da 1.0 mg/L, da ɗan bambanci daga dakin gwaji zuwa wani. A majinyatan inaya an ga yana riga kiriyatinin tashi da kwana ɗaya zuwa biyu. Ga irin Hajiyar can shi ya dace, kuma ba sai an sake huda ta ba, kwalbar ɗorawar da aka riga aka ɗiba ta isa. A yi ranar shigowa, a maimaita bayan awa 24, a kwatanta.

*Gargaɗi:* sitiroyid mai yawa yana ɗaga shi, kuma majinyatan inaya da dama suna kan dexamethasone ko hydrocortisone. Ciwon maƙoƙo ma na juya shi: mai aiki fiye da kima ya ɗaga, mai kasala ya sauke. A rubuta waɗannan a takardar neman gwaji.

7. NGAL da 'yan'uwansa, masu nuna rauni tun da zafinsa

Kiriyatinin da sistatin C suna faɗin yadda tacewa ta ragu. NGAL abu dabam yake faɗi: cewa ƙananan bututun ƙoda sun ji ciwo, ko da tacewa ba ta riga ta ragu ba. Binciken da ya fito da sunansa a 2005 an yi shi ne kan yaran da aka yi wa tiyatar zuciya a Amurka, inda aka ga ya tashi awa 2 bayan tiyata, kiriyatinin kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Lokaci shi ne komai a nan. Idan an san awar da abin ya faru, kamar tiyata ko faɗuwar bugun jini, a ɗiba tsakanin awa 2 zuwa 6 bayanta. Idan ba a sani ba, a ɗiba da shigowa, a sake bayan awa 12. Ana yinsa a jini ko a fitsari. A jini an fi ambaton 150 ng/mL a matsayin iyaka, sai dai kowace na'ura da tata, don haka a tambayi dakin gwaji tasu lambar kafin a yanke magana.

*Gargaɗi babba:* fararen ƙwayoyin jini ma suna fitar da NGAL. Mai cutar da ta shiga jini zai iya nuna lamba a sama ƙodarsa ƙalau, kuma irin waɗannan su ne suka cika gadajenmu. Na fitsari ma yakan hau idan akwai ciwon sanyin mafitsara. A ra'ayina ƙaramar lamba ta fi amfani a wurinmu: idan NGAL ya fito ƙasa, hankali ya ɗan kwanta. Idan ya fito sama, ƙara sa ido ake yi, ba a sanar da dangi cewa ƙoda ta lalace ba.

Akwai kuma NephroCheck, wanda na fitsari ne, yana auna furotin biyu, TIMP-2 da IGFBP7, da ƙoda ke fitarwa idan ta shiga matsi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014. Sakamako na fitowa cikin kamar minti 20. Ƙasa da 0.3 haɗari kaɗan ne, sama da 0.3 akwai fargabar rauni mataki na 2 ko 3 cikin awa 12 masu zuwa, sama da 2.0 fargabar ta yi ƙarfi. Sabon fitsari ake ɗiba daga bakin roba, ba wanda ya kwana a jaka ba. Sauran sunayen da za ku ji a taro, irin su penKid da suPAR a jini, har yanzu sun fi zama a hannun masu bincike.

*Gargaɗi:* kada a nemi waɗannan ga wanda kiriyatinin ɗinsa ya riga ya ninka biyu. An riga an san abin da za su faɗa.

8. A haɗa sakamako wuri ɗaya

Idan alamar rauni da alamar tacewa duk suna ƙasa, a ci gaba da lura ta yau da kullum. Idan kiriyatinin ya ɗan hau amma NGAL na ƙasa, galibi ƙarancin ruwa ne ko raunin bugun zuciya, kuma yakan gyaru da an gyara musabbabin. Idan duka sun hau, rauni ya zauna, a sanar da likitan ƙoda yau, ba gobe ba.

Wanda ya fi muhimmanci shi ne na huɗu: NGAL ko NephroCheck ya hau, kiriyatinin na nan daram. Saboda wannan majinyacin aka ƙirƙiro gwaje-gwajen. Takardarsa babu ja, danginsa na murna, amma awa goma sha biyun da ke gabansa su ne damar da ake da ita.

9. Abin da ake yi da zarar alama ta tashi

Babu allurar da ke warkar da wannan rauni. Abin da ake yi shi ne ɗauke wa ƙoda kaya har ta farfaɗo da kanta, kuma an nuna yana aiki. A birnin Munsta na Jamus, a binciken da aka wallafa a 2017, an ɗauki waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya da NephroCheck ɗinsu ya haura 0.3. Waɗanda aka bi wa matakan kariya sau da ƙafa, kashi 55 cikin 100 suka samu rauni, waɗanda aka bari kan kulawar da aka saba kuwa kashi 72.

Farko a zauna da takardar magunguna layi-layi tare da likita da mai haɗa magani. Magungunan ciwon jiki irin diclofenac a tsayar. Gentamicin, amikacin, vancomycin, colistin da amphotericin a duba ko akwai madadi, in babu a auna yawansu a jini inda ake iya aunawa, a daidaita. Magungunan hawan jini irin lisinopril da losartan, da metformin na suga, galibi ana dakatar da su na ɗan lokaci. Hoton CT mai ruwan jijiya a ɗage shi in ba dole ba, in kuwa rai ya dogara da shi a yi.

Na biyu bugun jini, wato matsin jini a jijiya: matsakaicinsa kada ya sauka ƙasa da 65, a riƙe shi da ruwa ko da noradrenaline, maganin da ke ɗaga shi. Na uku suga, kada a bar shi ya yi ta hauhawa. Na huɗu a ci gaba da awon fitsari kowace awa, kiriyatinin da fotasiyam kowace awa 12.

*Gargaɗi kan ruwa:* kuskuren da na fi gani shi ne fitsari ya ragu, a ce a ƙara leda, ya ƙi, a ƙara wata. Ƙodar da ta ji rauni ba ta fitar da abin da aka ɗura, sai ya taru a huhu, ita kanta ta kumbura. A ba da kaɗan, a duba ko ya amsa, a auna nauyi kullum. Ruwan sitaci da ake kira HES kuwa an daina ba irin waɗannan majinyata saboda cutar da ƙoda.

*Gargaɗi ga masu jinya:* na san dabinon ajwa da kuka sayo a Madina da kyakkyawar niyya kuka kawo shi. Dabino, ayaba, ruwan lemo da tumatir cike suke da fotasiyam, kuma fotasiyam da ya taru yana tsayar da zuciya babu sallama. Ku ajiye masa har ranar da likita zai ce to.

10. Gwajin lasix

Idan rauni ya kai mataki na 1 ko 2, ana so a san ko zai wuce gaba, akwai gwaji mai arha da aka bayyana a 2013. Likita zai ba da furosemide, wato lasix, ta jijiya sau ɗaya, miligiram 1 ga kowane kilo, ko 1.5 ga wanda ya sha shi cikin kwana bakwai da suka wuce. Sai a tara fitsarin awa 2. Idan bai kai mililita 200 ba, akwai yiwuwar ya gangara mataki na 3, a fara shirin wanki da sanar da dangi a hankali.

*Gargaɗi:* ba a yi wa wanda jikinsa ya bushe ko bugun jininsa ke ƙasa. Kuma babu wata alamar jini da ita kaɗai ke sa a fara wanki. Babban binciken STARRT-AKI na 2020 ya nuna gaggawar farawa ba ta rage mace-mace ba. Abin da ke tilasta wanki shi ne fotasiyam da ya ƙi sauka da magani, tsamin jini mai tsanani, ruwa a huhu da ya ƙi fita, ko datti ya taru har ya taɓa ƙwaƙwalwa ko rigar zuciya. Ku sani kuma, wankin inaya ga mutane da yawa na ɗan lokaci ne, ba irin na sau uku a mako har abada ba.

11. Kuɗi

Alhazai ana kula da su kyauta a asibitocin gwamnati na Makka da Mina da Arfa lokacin aikin Hajji, har da wankin ƙoda. Bizar Umara na ɗauke da inshorar gaggawa, a nemi lambarta tun ranar farko. Mai aiki a kamfani da igama, wato takardar izinin zama, wajibi ne mai aikinsa ya yi masa tamin, wato inshorar lafiya, amma gwaji irin NGAL kan buƙaci sahalewar kamfanin tamin, kuma sahalewar da ta zo bayan kwana biyu ba ta da amfani ga gwajin da darajarsa awanni ce. A nema da wuri ko a haƙura.

Kiriyatinin, yuriya da gishirin jini su ne mafi arha, kowane asibiti na yi. Sistatin C ya fi su tsada, wasu wuraren sai sun aika waje. NGAL da NephroCheck sun ninka su sau da yawa, kuma ba ko'ina ake samu ba. Ko a Ingila, hukumar NICE, mai tantance magunguna da gwaje-gwaje, ta duba su a 2020 ta ce hujja ba ta isa a riƙa yi wa kowa ba. Don haka mai biya daga aljihu, ga jerin da nake ba shi: robar fitsari mai akwatin awo, kiriyatinin da fotasiyam kullum, CK idan zafin rana ne, sistatin C idan majinyaci siriri ne. Kada ku ci bashi saboda NGAL alhali ba a auna fitsari awa-awa.

Abin da ya fi kowane gwaji cin kuɗi shi ne jinkiri. Nakan ga an ajiye tsoho a ɗaki kwana uku ana ba shi panadol da ruwan sanyi saboda tsoron maganar takardu, sai an ga ya daina fitsari a ɗauko shi. Wanda ya ruɗe bayan rana, ko ya yini bai yi fitsari ba, a kira 997 nan take.

12. Ranar sallama

Ƙodar da ta taɓa jin wannan rauni tana iya komawa ciwon ƙoda na dindindin a hankali, ba ciwo ba alama. Ƙa'idar KDIGO ta ce a sake dubawa bayan wata 3: kiriyatinin, furotin a fitsari, da awon hawan jini. Wanda ya daɗe kwance, lambarsa ta ranar fita na iya yin kyau don tsoka ta zube, shi ya sa sistatin C ke da amfani a wannan dubawar.

Kafin ku bar asibiti ku roƙi a rubuta muku lamba uku a rahoton sallama, da ma'auninsu: ta ranar shigowa, mafi girma da ta kai, da ta ranar fita. A rubuta magungunan da aka dakatar da ranar da za a sake duba batun komawa kansu, kada a koma kan lisinopril ko metformin da ka. Diclofenac da ibuprofen a bar su, in gwiwa ta matsa a tambayi likita abin da za a sha. Alhajin da zai koma Kano ko Zindar ko Gadarif ya ɗauki hoton rahoton a waya tun yana Jidda, ya tura wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa, domin takarda kan ɓace tsakanin awon kaya da jirgi.